Ƙoƙon Ruwan Ladan

Babana ya yi shekara wajen talatin yana ladanci a masallacin unguwarmu, nan cikin Bolewa a Potiskum, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin wani ya tashe shi daga barci ba. Shi ke tashin mutane. Masallacin ɗan ƙarami ne na ƙasa, a jikin katangar gidanmu yake, da matakala uku a gefe inda Baba ke hawa ya yi kira. Zamanin Turawa ne, agogo sai a bariki, sai kuwa a hannun wani akawu. Akwai wani guntun ƙarfe da 'yan doka ke bugawa a can barikin, amma sai iska ta juyo ta wajenmu muke jinsa, kuma ba wanda ya damu ya ƙirga bugun.

Kowa da dabararsa ta tashi. Wasu zakara suka riƙe, ko da yake zakara maƙaryaci ne, in akwai farin wata sai ya yi ta cara ba lokaci ba. Mata kan yi alkawari da juna, wadda ta riga tashi ta buga wa 'yar'uwarta danga da taɓarya. Wanda zai bi motar gyaɗa zuwa Kano kuwa ba ya yarda da kowa, tabarmarsa yake ɗauka ya je ya kwana a gindin motar. Amma dabarar da ta fi yawa ita ce ruwa. In kana son tashi da wuri, ka sha ruwa sosai kafin ka kwanta, mararka ba za ta bar ka ka makara ba.

Baba ya mai da wannan dabara ilimi. Yana da wani ɗan ƙoƙo da ya yi baƙi don tsufa, ya yi masa zane a ciki da wuƙa. Kullum kafin ya kwanta sai ya zuba ruwa daidai zanen ya shanye. Ruwan ya tashe shi, ya kewaya, ya yi alwala, ya hau ya yi kiran assalatu, wato kiran farko. Sai ya dawo ya zauna da carbinsa. In ya ja wuridi ya ƙare, ya fito tsakar gida ya ɗaga kai gabas. Tun ina ƙarama ya nuna mini bambancin alfijirin ƙarya da na gaskiya. Na ƙarya a tsaye yake fitowa, siriri, sai ya ɓace duhu ya dawo. Na gaskiya a kwance yake, yana shimfiɗuwa gefe da gefe. Sai ya ga wannan yake hawa ya yi kira na biyu, wanda da shi ake sallah, da shi kuma mai azumi ke ajiye cokali. Ya kan ce ruwa tashinsa kawai yake yi, ido ne alƙali.

A shekarar da nake ba da labarinta ina da shekara ashirin da 'yan kai. Aurena ya mutu na dawo gida, Innata kuma ta riga mu gidan gaskiya, don haka daga ni sai Baba a gidan, ni ke yi masa girki. Gara in faɗi halina tun yanzu. Allah ya yi ni da zargi. In mutum ya gaishe ni ya daɗe yana gaisuwa, sai in fara tunanin abin da ya zo nema. Mijina ma har da wannan a cikin abin da ya faɗa wa alƙali, kuma ban ƙaryata shi ba.

To, a wannan shekara wani Bakano mai sayar da yadi da goro ya sayi gida a layinmu. Yana da agogon aljihu mai sarƙa, ba ya zama wuri minti kaɗan bai zaro shi ya buɗe murfin ya kalla ba, ko da ba wanda ya tambaye shi lokaci. Nan da nan unguwa ta sa masa Mai Agogo. Ya zo da ƙaninsa, wani dogo mai ɗan gemu da ya yi karatu a Kano. Wannan ƙani yana da murya, ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba. Amma na lura ba ya buɗe ta da karatu a zaure sai daidai lokacin da mutane ke wucewa masallaci. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

Azumi ya zo mana a tsakiyar bazara. Zafin da ake yi a shekarar, ko ƙadangare ba ya fitowa da rana. Muna cikin goman farko sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga. 'Yar Ngizim ce, tsohuwa mai barkwanci, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, "Kai, 'yar Malam, babanka tana sauri ne? Jiya maigida loma yana hannu, ruwa ma bai sha ba, sai Allahu akbar. Mun yi sallah, mun kwanta, mun tashi, duniya baƙi ƙirin."

Na ce, "Inna, ku dai kuka makara da girki. Shekara talatin bai yi sauri ba sai bana?"

Ta ce, "To, ni dai na faɗa." Ta janye kanta.

Tana magana na ga haƙoranta ja da goro, ga shi na san mijinta ba mai sayen goro ba ne. Wa ke da goron rabawa a layin nan? Na ajiye wannan a zuciyata.

Bayan kwana biyu Liman ya aiko a kira Baba. Da ya dawo bai ce mini komai ba, ya shige ɗaki. A bakin rijiya na ji labarin. Wai Mai Agogo ya je wa Liman ya ce kwana uku yana dubawa, kiran Baba na biyu yana riga alfijir da kusan awa guda. Wai ba don kansa yake magana ba, tsoron Allah ne, don sallar da aka yi kafin lokaci ba sallah ba ce. Liman mutum ne mai kunya, tare suka tashi da Baba. Ya ce a bari zuwa Juma'a mai zuwa a ƙara lura, in abin ya tabbata sai Malam ya huta.

Ya huta! Na ajiye guga na dawo gida ba ruwa. Ladancin nan ba albashi ke cikinsa ba, ɗan hatsin zakka ne da naman layya. Amma shi ne Baba. In an ce Ladan a unguwar nan ba a tambaya wane. Ran nan na ga Liman ya wuce da sabuwar riga fara, na bi yadin da kallo har ya sha kwana, na ce biri ya yi kama da mutum.

Na ƙudurta sai na ga agogon nan da idona. Na shiga gidan Mai Agogo da sunan aron rariya, daidai lokacin da na san yana wanka kafin la'asar. Matarsa yarinya ce mai son hira, ba ta da kowa a garin. Rigarsa tana rataye a ƙusa. Na ce, "Wai ni kam, abin nan da maigidanki ke kallo, da rai yake?" Ta yi dariya ta zaro shi ta kanga mini a kunne. Na ji yana ƙas-ƙas kamar gara a cikin azara. Ta nuna mini wani ɗan ƙulu a samansa, ta ce kullum da safe sai ya murɗa shi, in ba haka ba ya mutu. Ta ce ran kasuwa kuma yakan je bariki ya daidaita shi da nasu.

Na ce, "Yana daidaituwa? Wato hannun nan nasa ana iya tura shi gaba, a iya mai da shi baya?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa."

Na fito ko rariyar ban ɗauka ba. Na samu abin da na zo nema. Abin da mutum ke murɗawa da yatsa ya faɗi abin da yake so, shi za a sa ya ƙaryata idon Baba? Kuma lokacin Nasara da ba ya sallah? Na yi niyyar in tsaya da kaina in ga alfijir kwana uku, sannan in je wa matar Liman in ce na gani da idona, in ana son rantsuwa in rantse. Gani ya kori ji.

Da ma in na gama ɗumamen sahur na miƙa wa Baba, komawa nake yi in kishingiɗa har sai ya yi kira. Ran nan ban koma ba. Na kifa turmi a bayan rumbu, inda katangar gabas ta ɗan rushe, na hau. Gabas baƙi. Gamzaki ma, tauraron nan na asuba, yanzu ya leƙo, bai ɗago ba. Ina nan tsaye sai na ji Baba ya yi gyaran murya ya fito daga ɗaki. Ya tsaya tsakar gida inda ya saba tsayawa, ya ɗaga kai, ya sa hannu a goshi. Ya ɗan jima. Sai ya ce "Alhamdu lillahi," ya nufi ƙofa. Kafin in sauko daga turmin na ji muryarsa a kan matakala.

Na sake duban gabas. Ko na ƙaryar bai fito ba. Na tsaya a kan turmin nan har aka yi sallah aka watse, har ƙafata ta yi tsami, sannan farin ya fara shimfiɗuwa.

Kada ku ce na yarda. Ban yarda ba. Na ce kuskuren rana ɗaya ne, ransa a ɓace yake saboda maganar Liman. Washegari na sake hawa, ya ma fi jiya sauri. Sai zargina ya koma kan ƙoƙon. Na ce wani ya musanya shi da babba, ko an ƙara wani zane a sama, don zaurenmu a buɗe yake wuni, kuma ƙanin Mai Agogo ya shigo sau biyu wai gaisuwa. Da Baba ya fita azahar na ɗauko ƙoƙon na juya shi ciki da waje. Shi ne dai, da zanensa ɗaya, da 'yar tsagar da Innata ta ɗinke. Na ma shinshina randa ko an zuba wani abu. Ruwa ne kawai.

A rana ta uku, tun kafin in hau turmin, na kasa kunne ga motsinsa. Kafin kiran farko na ji ƙarar butarsa sau uku. A da sau ɗaya yake tashi. Tsufa ya kama shi ta inda ɗiya ba ta da bakin magana, ruwan da ke tashinsa a kan lokaci yanzu tashinsa yake yi ba lokaci. Wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne ina alƙalin, wato idon? Ai yana fitowa ya duba.

Da hantsi yana zaune a inuwar zaure, na zo ba takalmi na tsaya gabansa, na miƙa masa hularsa ban yi magana ba. Hannuna a miƙe, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Yana ta jan carbi, fuskarsa tana wajena, bai karɓa ba. Na durƙusa na dube shi sosai. Mu a lokacinmu ɗiya ba ta kallon tsakiyar idon ubanta, shi ya sa ina gida ɗaya da shi shekara guda ban gani ba. Yanar ido ta rufe baƙin idon duka biyu, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Sai na tuna yadda yake laluben takalmi da ƙafa, da yadda ya daina sa zare a allura da kansa, da yadda yake gaishe da mutane sai sun fara magana. Ni da ke ganin goro a haƙorin maƙwabciya, ban ga idon ubana ba. Kunya ta kama ni, da tausayi, da haushin kaina.

Na bari har aka sha ruwa. Na kai masa kunun tsamiya, na zauna daga bakin tabarma.

Na ce, "Baba, ina da magana."

Ya ce, "Ke ce ke hawa turmi."



Ya ce, "Ina jin numfashinki. Kwana uku. Me kika gani?"

Na ce, "Duhu, Baba."

Ya ajiye ludayin. 

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

Ya ce, "Damina biyu ke nan da ya fara. Da fari hazo-hazo ne, ina rarrabewa. Bana kuwa, duk sanda na ɗaga kai alfijir nake gani. Ko'ina fari. Sai in ce wa kaina, ai jikina ya san lokaci, shekara talatin."

Na matso. Na riga na shirya abin da zan faɗa tun rana. Na ce, "Baba, ba sai kowa ya sani ba. Kai ka koya mini, na san na ƙarya na san na gaskiya. Ni zan riƙa hawa. In ya fito sai in buga taɓarya a turmi sau uku, kamar mai daka. Kai kuma ka hau ka yi kira. Ran Juma'a Mai Agogo ya duba abin nasa ya ji kunya. Ai na ji ka da bakinka kana cewa a zamanin Manzo ma akwai ladan makaho, gaya masa ake yi."

Na ga ya so. Wallahi na ga ya so, don hannunsa ya tsaya a kan carbin, bakinsa ya ɗan motsa. Sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Shi kowa ya san makaho ne. Ni ɓoyewa na yi."

Na ce, "Baba, mutumin nan ba don Allah yake yi ba. Ƙaninsa yake so ya ɗora. Ka ga rigar Liman?"

Ya ce, "Ke dai da zato. To, a ce haka ne. Agogon nasa ya yi ƙarya?"

Na kau da kai gefe.

Ya ce, "Sallar mutum nawa ce a wuyana, 'yar nan? Tsofaffi nawa na raba da ruwan sha a wannan zafi? In na rufe wannan da taɓaryarki, wa zai gaya musu su rama?"

Na fashe da kuka, na ce shi ke nan sun ci nasara. Ya ce in tashi in kawo masa tuwo.

Bai jira Juma'a ba. Washegari bayan la'asar, mutane ba su watse ba, ya miƙe a cikin masallaci. Ina jikin katanga daga cikin gida, ina ji. Ya ce idonsa ya tafi, ya daɗe da sani, bai faɗa ba. Ya ce duk wanda ya yi asuba da kiransa tun farkon azumin nan, da ma kafin nan, ya tambayi Liman yadda zai rama. Ya nemi gafara.  Sai na ji muryar Mai Agogo tana cewa, "Allah sarki, Malam, Allah ya ba da lada, ai ba haka muka so ba." Na ciji leɓena har ya yi jini.

Liman ya ce to wa zai riƙe kafin a yi shawara. Ba a yi wata shawara ba. Da magariba ƙanin nan ya hau matakalar Baba da sabuwar hula, wadda ba a ranar aka ɗinka ta ba. A kan wannan ban yi kuskure ba, kuma har yau da na tsufa ba wanda zai sa in ce na yi. Malamai sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. To, na ɗauki zunubin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya zo da mugun nufi kuma gaskiya ta kasance a aljihunsa.

Daren Baba bai ci abinci sosai ba. Da asuba na tashi yin ɗumame na same shi ya riga ni, ya yi alwala, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da rawaninsa a naɗe, kamar mai jiran a kira shi. Kiran farko ya wuce. Muka ci, muka sha ruwa har muka ƙoshi, abin da ba mu samu ba tun farkon watan. Ya ja carbinsa ya ƙare, ya sake jan wani. Na ga ƙafarsa tana laluben takalmi, sai ya tuna, ya janye ta.

Can sai muryar ta tashi a bayan katangarmu, sabuwa, mai ƙarfi, tana jan baƙi irin na Kano. Baba ya karkata kai yana saurare har aka kai ƙarshe, yana amsawa a hankali. Sannan ya juyo wajen da yake jin motsina.

Ya ce, "Duba mini. Ya yi daidai?"

Na je bayan rumbu na hau turmin. Na roƙi Allah a zuciyata in ga duhu. Farin yana kwance daga wannan gefe zuwa wancan, sabon fitowa, ba sauri ba makara. Na tsaya a can sama na ɗan jima. Ba wanda zai ƙaryata ni in na ce bai yi ba, shi kuma da zan faɗa wa ba ya gani.

Na sauko na ce, "Ya yi daidai, Baba."

Ya ce, "Madalla." Ya miƙe, ya dafa bango. Ya kai bakin zaure sai ya tsaya, bai juyo ba.

Ya ce, "Gobe ki nemo mini sanda. Tun da an sani, ba sauran abin ɓoyewa."

Ya fita yana bin katanga da hannu. Na ji shi ya wuce matakalar bai tsaya ba, ya shiga sahu.